Tiyatar Rage Ƙiba: Abin da Majinyaci da Iyalinsa Ya Kamata Su Sani Game da Makonnin Farko

A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata. Amma duk wanda ya leƙa sashen masu ciwon suga da hawan jini a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, a Gyadi-Gyadi cikin ƙaramar hukumar Tarauni, zai ga ɗaya fuskar lamarin. Akwai masu ciwon gwiwa da ba sa iya sujada, akwai masu minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci, ga kuma matan da ƙiba ta dagula wa al'ada da haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima.

Wasu daga cikin waɗannan majinyata suna kaiwa ga tiyatar rage ƙiba, ko dai a cikin Najeriya ko a ƙasashe irin su Masar da Indiya da Turkiyya. Aikin kansa ba ya wuce awa ɗaya zuwa uku. Inda hatsarin ya fi yawa shi ne makonnin farko, lokacin da majinyaci ya dawo gida Kano, likitan da ya yi aikin kuma yana nesa. A wannan lokacin, abin da mutanen gida suka sani shi ne kan raba tsakanin warkewa lafiya da komawa asibiti ranga-ranga.

Wane ne ya cancanci a yi masa aikin?

Likitoci suna amfani da ma'aunin BMI. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Misali, mace mai nauyin kilo 120 da tsawon mita 1.65, BMI ɗinta 44 ne.

Tun 1991 ƙa'idar ita ce a yi wa wanda BMI ɗinsa ya kai 40, ko 35 idan yana da wata cuta da ƙiba ta jawo. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: daga 35 zuwa sama, ko daga 30 idan akwai ciwon suga da ya ƙi jin magani. Wannan aiki ba na gyaran sura ba ne, kuma ya sha bamban da zuƙe kitse ko rage teɓa. Magani ne na cuta, ana yin sa bayan an gwada gyaran cima da motsa jiki da magunguna.

Iri biyu da aka fi yi

- Rage girman jakar ciki. Ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na jakar ciki, wato tumbi, a cire shi gaba ɗaya. Abin da ya rage yana zama siriri kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa sha'awar abinci ke raguwa. Ba a iya mayar da abin da aka cire.
- Karkatar da hanyar abinci. Ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman jakar ciki, girmansa kamar ƙwai, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci zai tsallake sauran jakar cikin da farkon hanji. Likita Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ne ya fara irin wannan aiki a shekarun 1960.

Dukansu biyu yanzu ana yin su ne da kyamara, ta ƙananan huji huɗu zuwa shida a jikin ciki. Galibi mutum yana sauke kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ciwon suga yana sauƙi sosai ga da yawa, wani lokaci tun kafin nauyin ya fara sauka.

Shiri kafin ranar aiki

Ko a ina za a yi maka aikin, ka fara ganin likitanka a nan gida. Za a duba jini, da zuciya, da ƙoda, da hanta, da matakin suga. Sau da yawa ana leƙa cikin da kyamara don a tabbatar babu gyambo, a kuma kashe ƙwayar cutar olsa idan an same ta.

Kusan mako biyu kafin aikin za a ɗora ka a kan cima mai ƙarancin sitaci da mai. Dalili shi ne hantar mai ƙiba tana da girma, tana rufe wurin da za a yi aikin, wannan cimar kuma tana rage mata girma. Mai shan taba ko shisha ya daina aƙalla mako shida kafin ranar, domin hayaƙi yana hana ɗinki kamawa. A faɗa wa likita duk maganin da ake sha, har da na gargajiya da shayin rage teɓa.

Wanda zai yi tafiya ya tabbatar ya dawo da takardar bayanin aikin da aka yi masa cikin Turanci, da jerin magunguna, da lambar da za a iya samun likitan. Ya kuma tsayar da likitan da zai ci gaba da duba shi a Kano tun kafin ya tashi.

Kwanakin asibiti

Bayan an farfaɗo daga allurar barci, za a ji ciwo a ciki, wani lokaci har kafaɗa, saboda iskar da aka hura a cikin lokacin aiki. Tashin zuciya ma abu ne da aka saba gani. A ranar ko washegari ma'aikatan jinya za su tayar da kai ka taka a baranda. Kada 'yan uwa su ɗauki wannan a matsayin rashin tausayi. Tafiyar ce ke hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, wanda idan gudansa ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. Za a kuma yi allurar tsinka jini, a sa safa mai matse ƙafa. Wasu ana ba su allurar su ci gaba da ita a gida. Yawanci ana sallama bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Doguwar tafiya a jirgi tana ƙara hatsarin daskarewar jini. Kada arahar tikiti ta tsayar da ranar dawowa, likita ne zai tsayar.

Ruwa kafin komai

Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da majinyata asibiti a makonnin farko. Sabuwar jakar cikin ba ta ɗaukar kofi guda a lokaci ɗaya, don haka sai an yi ta kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga safe har dare. Ana so a sha aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, daidai da leda uku ta fiya wata. A lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40, buƙatar ta fi haka. Fitsari kaɗan mai launin shayi, bushewar baki da jiri idan an miƙe, duk alamu ne cewa ruwan bai isa ba.

Matakan cin abinci

Tsarin yana ɗan bambanta daga asibiti zuwa asibiti, a bi wanda aka bayar. Ga yadda ya fi kasancewa:

- Mako na 1 da na 2: abu mai ruwa-ruwa kawai. Romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mansa, madara marar kitse, kindirmo da aka dama ya tsinke ba suga, madarar waken suya.
- Mako na 3 da na 4: abin da aka markaɗa ya yi laushi kamar na yaye. Kifi da aka niƙa cikin romo, ƙwai mai laushi, faten wake da aka murje, kabewa.
- Mako na 5 da na 6: abinci mai taushi. Alala, dafaffiyar awara, naman kaza da ya dahu luguf, ganye da ya nuna sosai.
- Daga mako na 7 ko na 8: a fara komawa abincin gida a hankali, sabon abu ɗaya a lokaci guda.

Tuwo da shinkafa da taliya da biredi suna cushewa, su cika ɗan wurin da ake da shi ba tare da sun gina jiki ba. Tsire da kilishi da balangu suna da tauri, sukan maƙale. A jinkirta su. Jiki yana buƙatar furotin giram 60 zuwa 80 a kullum don ɗinki ya warke, saboda haka a fara cin kifi ko ƙwai ko wake kafin komai. A tauna sosai, a yi minti 20 zuwa 30 kan 'yan cokula. Kada a haɗa ci da sha, a bar tazarar minti 30. Lemon kwalba mai gas an yi sallama da shi.

Suga yana da tasa matsalar, musamman ga wanda aka karkatar wa hanyar abinci. Shayi mai madarar gwangwani, zoɓo mai zaƙi ko fura da aka zuba wa suga suna faɗawa hanji da sauri. Cikin rabin awa sai mutum ya ji zufa, bugun zuciya, murɗar ciki da gudawa.

A nan muna jan hankalin iyali. Al'adarmu ta dubiya kyakkyawa ce, amma langar abinci da "daure ka ƙara loma ɗaya" suna iya yi wa wannan majinyaci illa. Cin cokali uku ya ce ya ƙoshi ba alamar ciwo ya tashi ba ne, aikin ne ke yin abin da aka yi shi dominsa.

Alamomin da ba a jira gari ya waye

Matsalar da likitoci suka fi tsoro ita ce yoyon ɗinki, wato abin da ke cikin jakar ciki ya zubo cikin kogon ciki. Ba ta da yawa, amma tana kisa idan aka yi jinkiri, kuma ta fi faruwa a mako biyun farko. Sau da yawa alamarta ta farko saurin bugun zuciya ne, tun kafin ciwon ciki ya tsananta. Wani a gida ya koyi ƙirga bugun a wuyan hannu, ko a yi amfani da na'urar awon hawan jini. A garzaya sashen gaggawa idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- bugun zuciya ya haura 120 a minti ɗaya alhali mutum yana kwance
- zazzaɓi, digiri 38 ko fiye
- ciwon ciki mai ƙaruwa, ko sabon ciwo a kafaɗar hagu
- sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji
- kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya
- aman jini ko baƙin bayan gida
- amai da ya hana ruwa zama tsawon yini
- ruɗewa, gani biyu-biyu ko tangaɗi

Kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a wuce kemis. A nufi babban asibiti mai likitocin tiyata, kamar Asibitin Malam ko Asibitin Murtala, da takardun aikin a hannu, a kuma fara faɗin cewa an yi wa majinyacin tiyatar rage ƙiba. Aman da ya yi kwanaki yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa, don haka a tuna wa ma'aikata wannan kafin a ɗaura ruwa mai suga.

Magunguna

A guji ibuprofen da diclofenac da garin maganin ciwon jiki da ake haɗawa a kemis, domin suna jawo gyambo a wurin ɗinki. Farasitamol shi ne zaɓin farko. Mai ciwon suga ya riƙa awo sau da yawa a yini, saboda adadin insulin ko ƙwayar da yake sha a da yana iya faɗar da suga ƙasa yanzu. Haka ma maganin hawan jini. Likita ne zai rage, kada mutum ya daina da kansa.

Bitamin kuwa na har abada ne: haɗaɗɗen bitamin, B12, sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, kalsiyam da bitamin D, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. A saka kuɗinsu cikin lissafi tun farko.

Komawa harkokin yau da kullum

A riƙa takawa a tsakar gida ko layi safe da yamma, ana ƙarawa a hankali. Kada a ɗaga abu mai nauyi, kamar jarkar ruwa ko buhu, har mako huɗu zuwa shida. Idan ruku'u da sujada suna ja wa ɗinki, a yi salla a zaune har a samu sauƙi. Game da azumi, likitoci da dama suna ba da shawarar a dakata a watanni shida zuwa goma sha biyu na farko saboda matsalar ruwa. A tattauna da likita da malami kafin watan ya kama.

Mata su jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. Haihuwa takan buɗe da sauri bayan nauyi ya sauka, kuma ƙwayar tazarar haihuwa ba ta da tabbas bayan an karkatar da hanyar abinci, don haka a nemi wata hanyar. Zubewar gashi tsakanin wata na uku da na shida abu ne da aka saba gani, kuma yana dawowa. Wasu kan shiga damuwa ko nadama a makonnin farko, musamman idan ana zaune ana cin abinci su kuma suna kurɓar romo. Idan abin ya daɗe, a faɗa wa likita.

Kafin a sallame ku, ku rubuta ranar komawa asibiti, da jerin alamomin hatsari, da lambar likita, ku manna a inda kowa a gida zai gani.