Tsayawar ƙoda farat ɗaya da magungunan Ayurbeda: abin da tsiro ke iyawa da abin da ba ya iyawa

Gabatarwa

Ayurbeda ita ce tsohuwar hanyar magani ta ƙasar Indiya. Manyan littattafanta, Caraka Samhita da Sushruta Samhita, sun yi bayani a kan ɗaurewar fitsari da ƙarancinsa tun ƙarnoni masu yawa da suka wuce, kuma a 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata ta musamman, mai suna AYUSH, don kula da irin waɗannan hanyoyi. A wannan takarda muna so mu duba tambaya guda: in ƙodar mutum ta tsaya farat ɗaya, ko tsirran Ayurbeda suna iya tada ta?

1. Mece ce tsayawar ƙoda farat ɗaya?

Aikin ƙoda shi ne tace jini, da fidda dattinsa da rarar ruwa da gishiri ta hanyar fitsari. Akwai ciwon ƙoda mai cin mutum sannu a hankali shekara da shekaru. Akwai kuma wanda ke aukuwa cikin awoyi ko ƴan kwanaki. Na biyun muke nufi. Bisa ƙa'idar da ƙungiyar KDIGO ta tsayar a 2012, ana gane shi in sinadarin kireyatinin na jini ya ƙaru da miligiram 0,3 a desilita cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi cikin kwana 7, ko kuwa fitsari ya kasa rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a awa, har tsawon awa 6.

Sanadinsa kashi uku ne. Na farko, jini ya kasa isa ƙoda, kamar bayan zawo da amai mai tsanani ko zubar jini wajen haihuwa. Na biyu, naman ƙodar ya lalace saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko guba, ko wasu magunguna, ko dafin maciji, wanda ya yawaita a ƙauyukan Indiya. Na uku, hanyar fitsari ta toshe, misali da tsakuwa. Kowane da maganinsa: ƙarin ruwa ko jini, kashe ƙwayar cuta, buɗe hanya da robar fitsari. In aka yi haka da wuri, sau da yawa ƙoda takan farfaɗo.

2. Tsirran da ake ba mai ƙarancin fitsari

Biyu sun fi shahara. Akwai punarnaba, wato Boerhavia diffusa, wanda ma'anar sunansa ita ce mai sabuntawa. Akwai kuma gokshura, wato Tribulus terrestris, tsiron nan mai ƙaya da muka sani a gonakinmu da sunan tsaidau. Ana ba da su don su sa fitsari su rage kumburi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna wasu alamu na kariya ga ƙoda, amma a irin wannan gwaji galibi ana ba dabba tsiron ne kafin a cutar da ƙodarta ko a lokaci guda. Majiyyaci kuwa yakan zo ne bayan ɓarna ta riga ta auku.

Nan ne muke ganin tushen ruɗani. Yawan fitsari ba shi ne warkewar ƙoda ba. Ko furosemid, wanda ya fi kowane tsiro ƙarfin sa fitsari, bincike ya nuna ba ya gaggauta farfaɗowar ƙoda, ba ya kuma rage mutuwa. Ana ba da shi ne kawai don rage ruwan da ya taru a jiki. Ga wanda zawo ya busar kuwa, duk abin da ke sa fitsari ƙara masa ciwo yake yi.

3. Haɗurra uku

Na farko shi ne potasiyom. Jiƙon ganye da saiwa yakan ƙunshi wannan gishiri. Lafiyayyar ƙoda tana fidda rararsa, wadda ta tsaya ba ta iyawa, kuma in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ba.

Na biyu shi ne ƙarafa. Wani reshe na Ayurbeda, rasa shastra, yana haɗa ma'adinai da tsirrai da gangan. A 2004 Robert Saper da abokan aikinsa sun auna magungunan Ayurbeda 70 da aka sayo a shagunan birnin Boston na Amurka, suka sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14, wato 20 bisa 100. Zaiba guba ce ga ƙoda.

Na uku shi ne tsiron kansa. A 1993 likitocin Beljik suka bayyana lalacewar ƙodar wasu mata a Burusel bayan shan maganin rage ƙiba mai ɗauke da tsiron Sin na dangin Aristolochia. Daga baya adadinsu ya haura 100. Wani ɗan dangin, Aristolochia indica, yana cikin tsirran Ayurbeda, kuma duman dutse da masu maganinmu ke sayarwa a kasuwa shi ma daga wannan dangi yake. Gokshura ma bai tsira ba: a 2010 an bayyana labarin wani saurayi a Iran da ƙodarsa ta tsaya bayan ya sha jiƙonsa don gudun tsakuwa.

Kammalawa

Ba raina ilimin masu Ayurbeda muke yi ba. Sun lura da alamomin ciwon tun ba a san awon jini ba, kuma tsirransu sun cancanci a ci gaba da bincike a kansu. Sai dai ciwon da ake auna shi da awoyi ba ya jiran jiƙo ya yi aiki. Kwana biyun da aka ɓata ana jira su ne sukan raba wanda ƙarin ruwa zai ishe shi da wanda sai an yi masa wankin ƙoda. Don haka, mutumin da fitsarinsa ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke bayan zawo, zazzaɓi, haihuwa ko saran maciji, a kai shi gidan likita a ranar. A dakatar da duk wani jiƙo da maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, a kuma tafi da kwalba ko ƙunshin abin da ya sha, don likita ya gani da idonsa.