Ina Fuskar Uwa Take Ɓacewa?

A ce yaro ne ɗan shekara biyu a wani gida na Sae Sabuwa, cikin yankin Gidan Rumji. Ƙafarsa lafiya, cinsa lafiya. Ƙwayar gero ɗaya ta faɗi a tabarma zai tsinto ta, babur ya yi ƙara daga nesa zai toshe kunne. Amma uwarsa ta kira sunansa ba ya waiwayowa, ta kawo fuskarta gabansa sai idonsa ya zame gefe. Kaka ta ce iska ta shafe shi, maƙwabciya ta ce miskilanci ne. Likitoci na kiran larurar otizim, wasu gidajen rediyo kuma galahanga. To ido na gani, kunne na ji, a ina fuskar take ɓacewa?

Uwa aka fara tuhuma. Bayan Leo Kanner ya bayyana larurar a yara 11 a Amurka cikin 1943, sai zance ya bazu cewa iyaye mata marasa jan ɗa a jiki ne suka jawo. Shekaru mata na haɗiyar wannan baƙin ciki, har 1977 da Susan Folstein da Michael Rutter suka binciki tagwaye a Ingila, suka nuna gado na da babban hannu a ciki.

Sai aka koma kan ƙwaƙwalwa. A 1997 Nancy Kanwisher ta nuna wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, mai suna fusiform, da ke motsawa musamman in mutum ya ga fuska. A 2000 Robert Schultz na jami'ar Yale ya sa masu otizim a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ya tarar yankin nasu ba ya wani motsin kirki. A 2002 Geraldine Dawson ta sa wa yara masu otizim ƴan shekara uku zuwa huɗu hular da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwarsu ta bambance abin wasansu da wanda ba su sani ba, amma ba ta bambance fuskar uwa da ta baƙuwa ba. Kowa ya ce an kama ɓarawo: yankin fuska ne ya lalace.

Ashe da sauran rina a kaba. Ba wanda ya tambayi inda idon mutanen nan yake lokacin da ake ɗaukar hoton. A 2004 Nouchine Hadjikhani ta sa ƴar alama a tsakiyar kowace fuska ta ce a zuba mata ido, sai ga yankin ya motsa kamar na kowa. Shekara guda bayan haka aka ba da rahoton wani yaro mai otizim da fusiform ɗinsa ba ya kula fuskar mutum amma yana tashi in ya ga zanen katun na Digimon da yake mutuwar so. A 2005 ɗin dai Kim Dalton a Wiskonsin ta auna kallo da motsin ƙwaƙwalwa tare: iya daɗewar duban ido, iya ƙarfin motsin yankin. Yankin lafiyarsa lau, kallo ne ba ya isa gare shi.

Yaushe kallon ya kauce? Warren Jones da Ami Klin a Atlanta suka bi jarirai tun suna wata biyu da na'urar da ke bin ƙwayar ido, suka fitar da sakamako a 2013. Waɗanda daga baya aka tabbatar suna da otizim, da farko suna duban ido kamar sauran jarirai. Tsakanin wata biyu zuwa shida ne kallon ya soma raguwa, ya ci gaba da raguwa. Nan bakin zaren yake. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma karatun fuska koyonsa ake yi da yawan dubawa, kuma hanyar gona in ƙafa ta rage bi, ciyawa ke cinye ta. Dalilin kaucewar kuwa biyu aka gani. A manya, duban ido na tayar da amigdala, sashen fargaba, har abin ya yi nauyi. A ƴan shekara biyu, binciken Atlanta na 2017 ya nuna ba gudun ido suke ba, idon ne bai ja hankalinsu ba. Duk wanda ya zamo, kama haɓar yaro ana cewa "dube ni" ba magani ba ne.

A ganina a nan ma'aikacin lafiya na ƙasar Maraɗi zai yi hattara. A wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba yabonsa ake yi, mai ƙura ido shi ne mara kunya, don haka awon ɗan shekara biyar da duban ido zai ruɗe shi. Jaririn goye kuwa bai san kunya ba. Uwar za a tambaya: yana duban ki in kina ba shi nono? Yana mayar miki da murmushi? Da ya shekara, yana waiwayowa in an kira sunansa, yana nuna akuya da yatsa sannan ya juyo ya ga ko kin gani?