Tsoffin babura masu hayaƙi: Yadda fanfon mai ke raba manomi da kwanan hanya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ko da yake Bajaj Boxer ya mamaye tituna, har yanzu a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ana cin karo da tsoffin babura irin su Suzuki A100, Yamaha YB100 da Jincheng AX100. A yankin da 'yan bindiga suka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, lalacewar babur da yamma a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ba ƙaramar magana ba ce.

Injin waɗannan babura ba ya ajiye baƙin mai a cikinsa kamar na Boxer. Man tu-ti ne ke shiga tare da fetur, ya jiƙa fistin da boris, sannan ya ƙone. Shi ne shuɗin hayaƙin da ke fita ta salansa. A da, da hannu ake gauraya su. A 1964 Yamaha ya fito da tsarin Autolube, Suzuki kuma ya biyo da CCI: ƙaramin tanki na daban, da fanfo wanda inji ke juyawa, da waya da ta haɗa shi da totur. Gwargwadon murɗa totur, gwargwadon man da ke zuba.

A nan matsalar take. Waya kan saki, sai alamar da ke jikin fanfo ta kauce wa 'yar'uwarta. Mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe. Ya yi kaɗan kuwa, babu wani gargaɗi. Fistin zai yi zafi har ya laƙe, inji ya buga. Tiyon roba ma kan bushe ya tsage, ƙura ta toshe matacin tanki. Kuma duk ranar da tanki ya ƙafe, iska ta shiga. Cika shi kawai ba ya wadatarwa, sai an kwance ƙusar fitar da iska har mai ya fito babu kumfa, a kuma zuba ɗan tu-ti a fetur ɗin tankin farko.

Bakanike da yawa kan yanke hukunci cikin sauƙi: a cire fanfo, a koma gauraye. Wannan ganganci ne a wasu injinan Suzuki, domin fanfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin ƙasa.

Gaurayen ma yana buƙatar mazubi da ma'auni, galibi mililita 20 a kowace lita. Dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sanya wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita shi ga gidajen mai biyu a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, har da waɗannan uku. An yi ta ne domin 'yan bindiga, amma manomin da ke auna mansa a galan shi ma ya ji a jikinsa.

Tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, wasu kan zuba baƙin mai na mota, har da wanda aka juye, a tankin tu-ti. Ba a yi shi don ƙonewa ba, sai ya bar dattin da ke ɗaure ringi, kuɗin da aka tsimi kuma ya tafi wajen sayen fistin.