"Da Sauƙi" Ba Amsar Likita Ba Ce

Kwanan baya na raka wani kawuna asibiti, wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ma'aikaciyar sashen gashi ta ɗauko takarda ta ce, "Baba, da kanka kake cin abinci?" Kafin tsoho ya buɗe baki, babban ɗansa ya yi caraf: "Yana ci, ai jiki da sauƙi." Wanka fa? Da sauƙi. Ban-ɗaki? Da sauƙi. Ni kuwa na san tun da aka sallamo shi a baki ake ba shi tuwo, mutum biyu ke cicciɓarsa zuwa bayan gida, ko maɓallin rigarsa ba a bari ya taɓa.

"Da sauƙi" amsar 'yan dubiya ce, kuma tana da kyau a muhallinta. Amma wannan takarda ba gaisuwa ba ce, sikeli ce. Ana kiranta ma'aunin Barthel, wanda Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka fitar a Amurka a 1965. Abubuwa goma yake dubawa: cin abinci, wanka, gyaran jiki irin wanke fuska da goge baki, sa tufafi, riƙe fitsari, riƙe bayan gida, shiga ban-ɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, da hawa matakala. Kowanne da makinsa, jimilla daga 0 zuwa 100. Akwai na Katz na 1963 mai abubuwa shida da ake yawan yi wa tsofaffi, amma manufar ɗaya ce.

Da wannan maki ake sanin irin motsa jikin da za a ɗora mutum a kai, ko yana bukatar sanda ko keken guragu, da kuma ko ya ci gaba idan an sake aunawa. To idan ɗa ya sa aka rubuta wa uba 80 alhali bai kai 35 ba, wa ya cuta? Kunyar faɗin cewa Baba yana fitsarin kwance ita ce za ta hana a nema masa mafita.

Babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gatan da ke kassara majinyaci. Ma'aunin nan abin da mutum yake yi yake ƙirgawa, ba abin da ake zaton zai iya ba. A gidajenmu kuwa, da zarar tsoho ya miƙa hannu zai ɗauki buta, jika ya riga shi. Zai ɗaura zariya, a ce "bari, Baba, ai muna nan." Ladan hidimar iyaye ake nema, na sani, amma hannun da ba a amfani da shi sandarewa yake yi, ƙafar da ba ta taka ƙasa tsamurewa take yi. Kuma yawancin farfaɗowa bayan shanyewar jiki a watanni uku zuwa shida na farko ake samunta. Kawuna ya cinye huɗu a kan katifa, ana yi masa fifita. Haba jama'a! Ku bar shi ya kai loma bakinsa ko da rabinta zai zube. Ku tsaya kusa don kada ya faɗi, amma ku janye hannu.

Wani abu kuma, a ƙasar da ake zama kan kujera aka tsara wannan ma'auni. Mu kuwa tabarma muke zama, masan tsuguno ne a yawancin gidaje, ga alwala ga sujada. Mai iya tashi daga kujera ba lalle ya iya miƙewa daga ƙasa ba, don haka ku faɗa wa mai gashin yadda gidanku yake.

Ranar komawa asibiti, a tafi da wanda ke kwana da majinyaci, ba wanda ya fi iya Turanci ba. Idan an tambayi Baba, a bar Baba ya amsa da bakinsa.