Idan Aboki Ya Yi Shiru a WhatsApp

Ciwon damuwa ba ya shela, janye mutum yake yi. Sai ka ga abokinka da ya tafi neman kuɗi Legas ya daina amsa saƙo, kwana da kwanaki. Ni dai ba na tura masa wa'azi. Gajeren saƙon murya nake aikawa: "Mutumina, ka ci abinci yau? Ba sai ka amsa ba, gobe zan kira." Goben kuwa in kira.

Likitoci na cewa idan baƙin ciki, rashin barci da ƙin abinci suka kai mako 2, a nemi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, cikin Legas. In abokinka ya ambaci kashe kansa, kada ka riƙe masa sirri. Kira ɗan'uwansa na kusa a ranar, ya je ya zauna da shi.