Kai Kuka Gaban Masu Rabon Ruwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai zuwa Bunkure da Kadawa da Kura. Amma wanda gonarsa take ƙarshen magudana ya sani ba kullum ruwan yake isowa ba. In bai iso ba, dole a tashi mutum guda ya je ya yi magana da yawun jama'a. A nan ne mukan yi hasara.

Da ranin bara mun raka sakataren wata ƙungiyar gama kai wurin taron masu rabon ruwa. Aka ba shi minti 5. Ya yi gaisuwa, ya yi godiya, ya shiga tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta. Kafin ya kai ga tumatirin da ke yaushi, shugaban taro ya dubi agogo ya kira na gaba. Muka koma gida ba amsa. Laifin har da namu, gama ba mu zauna da shi kafin ranar ba.

Da aka sake kiran taro, sai muka zauna tun da yamma. Muka ce ya faɗa wa wani yaro ɗan makaranta abin da zai faɗa gobe, yaron kuma ya maimaita mana. Sau biyu yaron ya kasa. A na uku ya kawo maganar daidai, domin sakatare ya zubar da duk abin da ba shi ne ya kai mu ba.

Gaisuwa ba a barinta, mun sani. Amma guda ta isa. Ga abin da ya faɗa bayanta: "Ranka ya daɗe, mu ne manoman ƙarshen magudana. Yau kwana 9 ba mu ga ruwa ba, kacala ta toshe hanya. Za mu fito ran Asabar mu share. Muna roƙo a sakar mana ruwa ran Litinin." Sai ya zauna, da sauran lokacinsa.

Ku lura, 'yan'uwa, bai ce "an daɗe" ba, ya faɗi kwanakin. Bai zargi na sama da shan ruwansu ba, ko da yake zancen na bakin kowa. Ya faɗi abin da za su yi kafin abin da suke roƙo.

Jami'in ya ɗauki biro ya rubuta ranar. Ruwa bai zo Litinin ba, sai Laraba da hantsi.