Rage Cin Nama: Wa Shawarar Ta Shafa?

Shawarar a rage cin nama ta fito ne daga ƙasashen da nama ya yi yawa a kwano. A Amurka mutum ɗaya yakan ci fiye da kilo 100 a shekara, alhali a Nijeriya kason mutum ɗaya bai kai kilo 10 ba. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka adana da gishiri, hayaƙi ko sinadarai cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanji, ta kuma ce mai yiwuwa jan nama ma yana yin haka. Yawan kitse kuwa yana toshe hanyoyin jini. Saboda haka magidancin da ya saba kwana da balangu da tsire kullum, ga teɓa, ga hawan jini, lallai ragewa ta fi masa alheri.

A Amarawa, can bakin iyaka a ƙaramar hukumar Illela, daura da Birnin Konni, lamarin ya sha bamban. Duk ranar Lahadi karar Illela takan cika da shanu, raguna, raƙuma da jajayen awakin Sakkwato, a loda su a manyan motoci a yi kudu da su. Amma tukunyar gidaje da dama tuwon gero ce da miyar kuka, nama sai layya, suna ko biki. Ranar da aka samu ma, tsoka mai kyau ta maigida ce, yara su tashi da romo.

A nan ne illar take. Gero da dawa suna ƙosarwa, sai dai ba su da cikakken abin da jiki ke ginuwa da shi. Sinadarin bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, daga dabba ake samun sa: nama, hanta, ƙwai, kifi da nono. Sinadarin ƙarfe na nama ya fi na ganye saurin shiga jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, kuma kashi 58 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Wanda ya ce wa mai juna biyu ko mai goyo a irin wannan wuri ta rage nama ya cuce ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a riƙa haɗa masa da nama, kifi ko ƙwai kullum. Cikin yaro ƙarami ne, koko zalla yakan cika shi ba tare da ya gina shi ba. Camfin nan na cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ba shi da tushe, kuma ya hana yara da yawa abinci mai sauƙin samu, musamman da damina lokacin ƙwan zabi. Tsofaffi ma suna buƙatar abin gina jiki don kada tsoka ta zube.

Baligi mai lafiya yana buƙatar kusan giram 50 na sinadarin gina jiki a rana, ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6. Ba dole ne duka ya fito daga dabba ba. Wake yana cike giɓin da gero ya bari, haka ƙuli-ƙuli, awara da daddawa. Fura da nono haɗi ne mai kyau muddin an tafasa madarar kafin ta kwana, sannan ga fara da busasshen kifi, waɗanda sukan fi tsokar sa araha.